Kundin aiki: kalmar verosimilitud a ƙamus ɗin Sifaniyanci da Hausa

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Aikin ƙaramin ƙamus na Sifaniyanci zuwa Hausa ya iso harafin V, kuma ya tsaya cik a kan kalma guda: *verosimilitud*. A daftarin farko an rubuta mata "gaskiya". Yau an soke wannan fassarar. Mai jin Sifaniyanci yana iya cewa *una historia verosímil, pero falsa*, wato labari ne da ya yi kama da gaskiya amma ƙarya ne, kuma babu tufka da warwara a maganarsa. Da an bar "gaskiya", jimlar za ta koma "labarin gaskiya amma na ƙarya", maganar da ba kai ba gindi.

Kowace kalma mai wuya muna buɗe mata kati mai gurabe shida: asali, furuci da rubutu, jinsi, ma'anoni, kalmomin da take tafiya da su, sai kalmomin da ake rikita ta da su. Ba a rufe gurbin ma'ana sai an samo mata jimloli uku na ainihi daga rumbunan rubutu na hukumar harshen da ke Madrid, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713. Rumbun CORDE yana ɗauke da tsofaffin rubuce-rubuce har zuwa 1974, CREA ya kama daga 1975 zuwa 2004, CORPES XXI kuma na wannan ƙarnin ne.

Gurbin asali bai ba da wahala ba. Kalmar ta fito daga Latin: *verus* mai gaskiya, *similis* mai kama. Sifarta *verosímil*, kuma ƙamus ɗin hukumar ya fassara ta da *que tiene apariencia de verdadero*, abin da yake da kamannin gaskiya. Akwai tarko ɗaya ga mai bincike. Tsohuwar siffar kalmar da "i" take, *verisímil* da *verisimilitud*. Wanda ya nemi siffar yau kaɗai a CORDE zai tsallake da yawa daga marubutan ƙarni na 16 da na 17, alhali a hannunsu kalmar ta fi yin aiki. Dole a nemi siffofin biyu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Furuci da rubutu. Gaɓoɓi shida ne: ve-ro-si-mi-li-tud, kuma nauyin murya yana kan ta ƙarshe. Harafin v a Sifaniyanci sautinsa ɗaya da b, don haka Bahaushe ba shi da matsala, "bero" zai ce. R ɗin bugu ɗaya ne na kan harshe, ba irin ta "rana" da harshe ke lanƙwashewa ba, kuma ba a jan ta. D ta ƙarshe tana da laushi ƙwarai, a wurare da yawa ma ba a jin ta.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ɗan layin da ake ɗorawa kan wasali, wanda suke kira *tilde*. Sifar tana ɗauke da shi, *verosímil*, saboda nauyin yana kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe kuma kalmar ta ƙare da baƙin da ba n ko s ba. Jam'inta ma haka, *verosímiles*, da bayanau *verosímilmente*. Sunan kuwa ba ya ɗauka ko kaɗan, domin nauyin ya koma gaɓar ƙarshe kuma ya ƙare da d. An gyara wurare biyu a daftari inda aka rubuta *verosímilitud*. Jinsin mace ce, *la verosimilitud*, kamar sauran kalmomi masu ɗafa-ƙeyar -tud irin su *virtud*, *juventud* da *actitud*. Sifar ba ta bambanta namiji da mace: *un relato verosímil*, *una excusa verosímil*.

Talata, 11 ga Fabrairu

Yau aka zauna kan maƙwabtanta, kuma nan ne ainihin aikin yake. Kalmomi huɗu ne ke zagaye da ita: *credibilidad*, *veracidad*, *fiabilidad* da *probabilidad*. Duk ana iya kuskure a fassara su da "abin yarda", sai mai karatu ya ɗauka abu ɗaya ne.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a tambaya: a jikin wa sifar take? *Credibilidad* galibi a jikin mai magana take, mutum ko jarida ko gwamnati. Ana tara ta cikin shekaru, ana iya zubar da ita rana ɗaya. *El ministro ha perdido credibilidad* na nufin mutane sun daina gaskata ministan, ƙimar maganarsa ta zube. *Verosimilitud* kuwa a jikin maganar take, labarin da kansa, ko uzurin, ko bayanin yadda abu ya faru. Ba ruwanta da halin wanda ya faɗa. Maƙaryaci da kowa ya sani yana iya kawo uzuri *verosímil*, mutumin kirki kuma yana iya ba da labarin gaskiya da ba ya shiga hankali. Ba a cewa mutum ya rasa *verosimilitud* sai in tauraro ne a cikin ƙagaggen labari ko fim, inda ake nufin marubuci bai gina shi yadda za a yarda akwai irinsa ba.

*Veracidad* ita ce ke kusa da "gaskiya" tamu: maganar ta dace da abin da ya faru, mai ita kuma *veraz* ne, mai gaskiya. *Fiabilidad* aminci ne na abin da ake dogara da shi, kamar ma'auni ko inji ko majiyar labari. A ƙasashen Latin Amurka an fi jin *confiabilidad*. *Probabilidad* yiwuwa ce da ake iya aunawa da lamba.

An ƙara gargaɗi kan *plausible*. Asalinta daga tafi ne, ma'anarta ta farko a ƙamus ita ce abin da ya cancanci yabo, ta biyu kuma abin da za a iya karɓa. Masu fassara daga wasu harsunan Turai sukan sa ta a gurbin *verosímil*. A namu ƙamus za su zauna a katuna daban.

Fassarorin da ke kan tebur yanzu uku ne: "kama da gaskiya", "ƙamshin gaskiya", da "abin da hankali zai ɗauka". Ta biyu ce ta fi daɗi a kunne, kuma ita aka rubuta da fensir a matsayin ta farko.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ma'anar adabi. Ita ce tsohuwa kuma ita ce mai zurfi, don haka ta ci kwanaki huɗu.

Tushen yana wurin Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, cikin littafinsa kan fasahar waƙa da wasan kwaikwayo. A babi na 9 ya ce aikin marubucin tarihi shi ne faɗin abin da ya faru, na mawaƙi kuwa faɗin abin da zai iya faruwa bisa abin da hankali ke ɗauka ko bisa abin da ya zama dole. A babi na 24 ya ƙara da cewa gara abin da ba zai yiwu ba amma ya shiga hankali, da abin da zai yiwu amma ba ya shiga. A Sifaniyanci ana faɗin wannan da *lo imposible verosímil* da *lo posible inverosímil*. Alonso López Pinciano ya shimfiɗa wannan tunani da Sifaniyanci a littafinsa na 1596, *Philosophía antigua poética*.

Jimlar misali ta farko daga Cervantes aka ɗauko ta, kashi na ɗaya na *Don Quijote* wanda ya fito a 1605, babi na 47. Wani babban malamin coci daga Toledo yana hira a hanya da limamin ƙauyen Don Quijote, yana kushe littattafan jarumta da suka juya wa dattijon ƙwaƙwalwa. Ya kawo misalai. Yaro ɗan shekara 16 ya kai wa ƙato mai tsayin hasumiya sara ɗaya ya raba shi biyu kamar da *alfeñique* aka yi shi, wato kamar alewa. Hasumiya cike da mayaƙa ta bi teku kamar jirgin ruwa, ta kwana a Lombardiya ta Italiya, gari ya waye mata a ƙasar da ke can gabas mai nisa. Malamin bai hana ƙirƙira ba. Cewa ya yi *tanto la mentira es mejor cuanto más parece verdadera*, kuma wanda ya guje wa *verisimilitud* ba zai kai ga kammalar rubutu ba.

A nan fassara ke neman zamewa. Idan aka ce "ƙarya tana ƙara kyau gwargwadon kamarta da gaskiya", mai karatu Bahaushe zai ji kamar ana koya masa yaudara, shi da ya tashi da sanin cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. *Mentira* a bakin malamin nan ƙagaggen labari ce, irin wanda mai ji ya san ƙirƙira ce tun kafin a fara. Mai tatsuniya ma da kansa yake rufewa da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Fassarar da aka tsayar: "ƙagaggen labari yana ƙara armashi gwargwadon yadda ya yi kama da gaskiya".

Tatsuniya ta kuma taimaka wajen bayyana abin da ya fi wuya, wato cewa kowane irin labari da nasa ma'aunin. Gizo ya yi magana, ya auri Ƙoƙi, ya yi wa kura wayo, babu yaron da zai ɗaga gira. Amma a wayi gari Gizo ya ga abinci ya kau da kai don kunya, ba tare da wata dabara a ransa ba, nan take masu sauraro za su ce wannan ba Gizo ba ne. Abin da ya karye a nan shi ne *verosimilitud*, ko da yake tun farko babu gizo-gizon da ke magana. Ignacio de Luzán, a littafinsa *La Poética* na 1737, ya raba ta gida biyu, wadda ke gamsar da masana da wadda ke gamsar da gama-garin mutane. Rabon yana da amfani ga katinmu domin ya nuna cewa kalmar tana duban mai karatu da abin da ya saba da shi.

Wani misalin daga Gabriel García Márquez na Kolombiya ne, a *Cien años de soledad* na 1967. Remedios kyakkyawa tana taya matan gidan ninke zannuwan gado a lambu da yamma, sai iska ta ɗaga ta da zannuwan ta yi sama, ba a sake ganinta ba. Abin da ya riƙe labarin shi ne zannuwan, da kuma Fernanda mai su, wadda ta daɗe tana roƙon Allah ya maido mata kayanta. Mace mai jin zafin asarar zannuwanta abu ne da kowa ya sani a gidansu, shi ya sa mai karatu ke haɗiye tashin sama tare da shi. Wannan dabara ita ake kira *dar verosimilitud*, kuma mun fassara ta da "sa labari ya zauna a rai".

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kalmomin da take tafiya da su. An tantance takwas: *dar verosimilitud a*, *dotar de verosimilitud*, *restar verosimilitud*, *carecer de verosimilitud*, *ganar* ko *cobrar verosimilitud*, *tener visos de verosimilitud*, *resultar verosímil*, da *poco verosímil*. Ta ƙarshe ita ce hanyar ladabi da ɗan jarida ko alƙali ke bi ya ce bai gamsu ba, ba tare da ya kira mutum maƙaryaci ba.

Bayan *es verosímil que* da *no resulta verosímil que* aikatau yakan ɗauki sigar da suke kira *subjuntivo*, wato sigar abin da ba a tabbatar da shi ba. Misali: *no resulta verosímil que nadie oyera el disparo*, hankali ba zai ɗauka a ce babu wanda ya ji ƙarar harbin ba.

Kishiyar, *inverosímil*, ta fi uwar yawo a bakin mutane, kuma ta sami ma'ana ta biyu ta mamaki. Mai sharhin ƙwallo yana cewa *marcó desde un ángulo inverosímil*, bai kuwa musa cewa ƙwallon ta shiga raga ba, yana nufin an ci ta daga kusurwar da ba a zata ba. Sai wani sanannen kuskure, *me es inverosímil* da nufin "duk ɗaya ne a wurina". Daidai shi ne *me es indiferente*. An sa shi a katin da alamar kuskure.

Juma'a, 7 ga Maris

Ma'anar shari'a ta rusa zaɓin da aka yi ranar 11 ga Fabrairu.

A Sifaniya, idan shaidar wanda aka zalunta ita ce babbar hujja, kamar a laifukan da ake aikatawa a ɓoye, Kotun Ƙoli, *Tribunal Supremo*, tana auna ta da abubuwa uku. Na ɗaya *ausencia de incredibilidad subjetiva*: babu tsohuwar gaba ko neman ramuwa ko wata riba da za ta sa a yi shakkar mai shaidar. Na biyu *verosimilitud*: bayanin ya haɗu a cikin kansa, kuma akwai abubuwa na gefe da ke ƙarfafa shi, *corroboraciones periféricas*, irin su takardar likita kan rauni, ko saƙonnin waya, ko wanda ya ga halin da mutumin yake ciki jim kaɗan bayan abin. Na uku *persistencia en la incriminación*: zargin bai sauya a jigonsa ba daga ofishin 'yan sanda har gaban alƙali. Kotun tana ɗaukar su a matsayin ma'aunai masu shiryarwa ga alƙali. Kotun Ƙolin Peru ta karɓi ukun nan a matsayarta mai lamba 2-2005/CJ-116. Abin lura ga ƙamus: na ɗaya yana duban mutum, na biyu yana duban magana, daidai rabon da muka yi tsakanin *credibilidad* da *verosimilitud*.

A shari'ar dukiya da haƙƙoƙi kuma akwai *verosimilitud del derecho*, wadda ake ji a Ajantina da Peru. Mai ƙara da ke son kotu ta ba da umarnin wucin gadi, misali a riƙe kadarar wanda ake bi bashi kafin a gama shari'a, ba a neman ya tabbatar da haƙƙinsa gaba ɗaya. Ya isa ya nuna cewa bisa ga alama yana da haƙƙin, ya nuna hatsarin da ke cikin jinkiri, *peligro en la demora*, sannan ya ajiye abin da za a biya ɗaya ɓangaren in ya tashi ba shi da gaskiya, *contracautela*. A Sifaniya dokar ƙarar farar hula ta 2000, sashe na 728, ta kira abu guda da wani suna, *apariencia de buen derecho*. Wanda ke fassara takardar kotu sai ya fara duba daga wace ƙasa ta fito.

Ga inda "ƙamshin gaskiya" ta gaza. Idan Bahaushe ya ce akwai ƙamshin gaskiya a magana, ya riga ya karkata, yana nufin wani abu a cikinta gaskiya ne ko da an yi ƙari. Alƙalin da ya ce bayani *verosímil* ne bai kai nan ba tukuna, ya ce ne kawai bayanin ya tsallake matakin farko. Haka ma a adabi: babu ko ɗigon abin da ya faru a tashin Remedios, amma labarin ya zauna. Saboda haka "kama da gaskiya" ta hau matsayi na farko, "abin da hankali zai ɗauka" ta zama ta shari'a da ta yau da kullum, "ƙamshin gaskiya" kuma an keɓe ta ga *tener visos de verosimilitud*, inda ake maganar jita-jita ko zargin da ya fara ƙarfi. A wannan gurbin ta zauna daram.

Litinin, 17 ga Maris

Ma'anar lissafi. A ilimin ƙididdiga *verosimilitud* ita ce fassarar Sifaniyanci ta ra'ayin da masanin ƙididdiga R. A. Fisher ya shimfiɗa a maƙalarsa ta 1922, kuma daga nan aka sami *función de verosimilitud* da *máxima verosimilitud*. Fassara ta da "yiwuwa" kuskure ne, domin wannan gurbin na *probabilidad* ne.

An shirya misali ɗaya don katin. An jefa kwabo sau 10, fuska ta fito sau 7. *Probabilidad* tana tambaya: in kwabon daidai yake, yaya yiwuwar a sami 7? *Verosimilitud* tana juya tambayar: tunda an riga an ga 7, wane zato game da kwabon ya fi dacewa da abin da aka gani? Lissafin shi ne 120 × p⁷ × (1 − p)³, inda p ke nufin rabon fitowar fuska. Idan p = 0.5 ana samun 0.117. Idan p = 0.7 ana samun 0.267. Idan p = 0.9 ana samun 0.057. Mafi girma yana kan 0.7, shi ne ƙiyasin *máxima verosimilitud*. Lambar 0.267 ba ta nufin akwai kashi 27 cikin 100 cewa kwabon haka yake. Amfaninta a gwada ta da 'yar'uwarta: zaton 0.7 ya fi zaton 0.5 dacewa da kusan ninki 2.3.

Likitoci suna amfani da *razón de verosimilitud*, wasu su ce *cociente*. Gwajin da ke kama masu cuta 90 cikin 100, kuma yake wanke masu lafiya 95 cikin 100, nasa lissafin shi ne 0.90 a raba da 0.05 (masu lafiya 5 cikin 100 da gwajin ya ɗauka masu cuta ne), wato 18: gwajin ya fi nuna cuta a jikin mai cuta ninki 18 a kan mai lafiya. Fassarar wucin gadi: "gwargwadon dacewar zato da abin da aka gani". Tana da tsawo, amma duk gajerun da aka gwada sun koma "yiwuwa".

Alhamis, 27 ga Maris

Katin ya kai gurabe biyar cikin shida. Ma'anoni huɗu sun sami jimlolinsu uku-uku: ta gama-gari, ta adabi, ta shari'a, ta ƙididdiga. Saura ta biyar. Masu fassara masanin falsafa Karl Popper zuwa Sifaniyanci suna amfani da *verosimilitud* ga ra'ayin da ya kawo a littafinsa na 1963, cewa nazariyyar kimiyya ko da ba daidai take ba tana iya fin wata kusanci da gaskiya. Wannan kusanci ne, ba kama ba, don haka an rubuta "kusanci da gaskiya" da fensir har a samo jimloli uku daga rubutun falsafa na Sifaniyanci.

An mayar da katin *creíble* da na *credibilidad* daga harafin C domin a sa musu nuni zuwa nan, an kuma cire "kama da gaskiya" daga ƙarƙashin *veraz* inda ta shiga bisa kuskure. Kalma ta gaba mai buƙatar kati ita ce *versión*, musamman *versión de los hechos*, bayanin kowane ɓangare kan yadda abu ya faru. Jimlolin kotu da aka tara ranar 7 ga Maris za su yi aiki a can ma.